Jagoran Wasa: Mai Riƙe da Linzamin Labari

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin yaran Makera ko Kakuri ko Nasarawa suna zagaya gidaje da tashe daga goma ga watan azumi, zai lura cewa a kowane ayari akwai yaro guda da ke raba matsayi: wane ya zama tsoho mai gemun auduga, wane ya zama Jatau mai magani. Shi ke cewa a fara, shi ke cewa a tashi, shi ke kashe gardama idan an zo rabon abin da aka samu. Wannan shi ne jagoran wasa. A wannan darasi za mu duba aikin irin wannan jagora a cikin wasan ɗaukar matsayi, wato wasan da ba a rubuta ƙarshensa tun farko, sai dai 'yan wasa su gina labarin da shawarwarin da suka yanke.

Asalin Jagora

A shekarar 1824 wani hafsan sojan Prusiya, a ƙasar Jamus ta yau, mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa shugabanninsa wasan yaƙi a kan taswira. Ɓangarori biyu suna rubuta umarni, su miƙa wa alƙalin wasa. Shi kaɗai ya san inda kowace runduna take, shi ke sanar da kowa abin da idonsa zai iya gani a fagen fama. A 1974 kuma, a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, inda kowane ɗan wasa yake ɗaukar matsayin mutum guda, jagora kuma ya zama shi ne duniyar da suke yawo a cikinta.

A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan. A 1977 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka kai Wasan Manoma yankin Soba. A shekarun da suka biyo baya aikin ya bunƙasa, har ta kai mutanen ƙauye suna shiga wasan da kansu, jagora yana tsayar da shi ya tambaye su yadda za a warware matsalar.

Ayyukansa

Mu ɗauki misali. Kogin Kaduna ya yi mummunar ambaliya a 2003, kuma unguwannin da ke bakinsa suna cikin fargaba kowace damina. A ce wata ƙungiyar matasa a Barnawa tana son koyon abin yi idan ruwa ya zo. Sai a zauna mutum biyar: mai unguwa, ma'aikaciyar lafiya, mai kwale-kwale, ɗan kasuwa da malamin makaranta. Na shida shi ne jagora.

Da farko zai shimfiɗa yanayi: ƙarfe biyu na dare, babu wuta, ruwa ya kai gwiwa, kwale-kwale ɗaya ne, mutum takwas yake ɗauka. Bayan haka zai zama bakin duk wanda ba ya cikin wasan, kamar tsohuwar da ta ƙi barin awakinta, ko maƙwabcin da ke yaɗa jita-jita. Sannan aiki mafi nauyi: idan mai kwale-kwale ya ce zai ɗauki mutum goma sha biyu, jagora ne zai faɗi abin da ya biyo baya.

Lissafin Sa'a

A nan ne ilmin lissafi yake shigowa. Domin kada jagora ya yanke hukunci da son rai, akan yi amfani da 'ya'yan ludo guda biyu. Kowane ɗaya fuska shida gare shi, saboda haka hanyoyin faɗuwarsu 6 sau 6 ne, wato 36. Jimillar 2 hanya ɗaya tak gare ta, jimillar 7 kuwa hanyoyi shida.

Idan jagora ya ce sai an sami 7 ko fiye za a tsallake lafiya, hanyoyi 21 cikin 36 ke nan, kimanin kashi 58 cikin ɗari. Idan an cika kwale-kwalen fiye da ƙima ya ɗaga sharaɗin zuwa 10 ko fiye, saura hanyoyi 6 kacal, kimanin kashi 17 cikin ɗari. Mai karatu ya lura: lamba uku kawai aka ƙara, amma damar tsira ta ragu zuwa ƙasa da sulusin yadda take. Jagoran da bai san wannan lissafi ba yakan tsananta ko ya sassauta ba tare da ya sani ba. Kuma babu kuɗi ko wani abin da ake zubawa, don haka wannan ya sha bamban da caca.

Adalci da Amana

Wajibi ne jagora ya faɗi sharaɗi kafin a jefa 'ya'yan ludo. Da zarar 'yan wasa sun ga ana sauya doka don a fifita wani, wasa ya mutu, darasin ma ya bi shi. Haka nan ya kula da mai shiru, ya tambaye shi abin da zai yi, kada masu kaifin baki su cinye zaman. A gari irin Kaduna, inda rikicin 2000 da na 2002 suka raba mazauna kudu da arewacin kogi, ɗan wasa na iya ɗaukar matsayin mutumin wata ƙabila ko wani addini. Jagora ne zai hana kwaikwayon ya koma ba'a, ya tsayar da wasa idan rai ya fara ɓaci.

Kammalawa

Jagora na ƙwarai yakan shirya yanayi da dokoki tsaf, ya bar ƙarshen labari a hannun 'yan wasa. Idan sun kuskure, kwale-kwalen takarda ne ya kife, kowa zai koma gida da abin da ya koya.

Aikin Gwaji

1. Rubuta hanyoyi 36 na faɗuwar 'ya'yan ludo biyu, ka ƙidaya nawa ne ke ba da 9 ko fiye.
2. Shirya wasa a kan gobara a kasuwa, da matsayi huɗu da sharuɗɗa biyu, ka gwada shi da abokan karatunka.