Darasi: Aikin Jinya da Hanyar Shigarsa



Darasinmu na wannan fitowa a kan aikin jinya ne, wato aikin nas. Bari mu fara da tambaya. A ce wata baiwar Allah ta haihu a Kaya cikin tsakar dare, amma jini ya ƙi tsayawa. Babban asibiti yana Maradun ko Talata Mafara, ga shi hanya ba ta biyuwa da dare saboda halin rashin tsaro. Irin wannan zubar jini kuwa yana iya kashe mace cikin 'yan sa'o'i. To, bayan Allah, wa zai cece ta? Sai wadda ta koyi aikin, kuma take kwana a garin. Baƙon ma'aikaci yakan yi shekara ya nemi a mayar da shi birni. Ɗan gari kuwa nan ne gidansu. Shi ya sa muke so wasu daga cikinku su ɗauki wannan aiki.

Asalin aikin

Kada ku ɗauka baƙon abu ne a wurinmu. A zamanin Manzon Allah (SAW) akwai sahabiya mai suna Rufaida Al'aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, a tantinta aka kwantar da shi. Imamu Gazali kuma ya lissafa ilmin magani cikin farillan kifaya, ma'ana idan wasu suka koya an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari, laifi ya hau kan al'umma duka. Tsarin koyarwa irin na zamani shi ne ya zo daga Ingila, inda Florence Nightingale ta buɗe makarantar nas-nas a Landan a 1860.

Yadda ranar nas take

Asibiti ba ya rufewa, saboda haka a yawancin asibitoci aiki kashi uku ne: na safe, na rana, na dare. Idan kin iso, 'yar'uwarki mai tashi za ta zagaya da ke gado-gado, tana gaya miki halin da kowa ya kwana. Daga nan sai awo. Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne, bugun zuciyar babba kuma daga 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Za ki auna jini da numfashi, ki rubuta kome. Likita yakan duba majinyaci ya wuce, ke ce kike tare da shi, don haka ke ce za ki fara lura idan jiki ya rikice.

Kafin ka ba da magani ko ka yi allura, dole ka tabbatar da abu biyar: mutumin da aka rubuta wa ne, maganin da aka rubuta ne, adadinsa daidai ne, lokacinsa ya yi, kuma ta hanyar da aka ce za a ba shi, ta baki ko ta jijiya ko ta tsoka. Kuskure ɗaya a nan yana iya zama ajalin mutum.

Akwai kuma sa ƙarin ruwa, da wanke rauni, da juya wanda ba ya iya motsi duk bayan kamar awa biyu don kada gyambo ya fito masa, da gyara wanda ya yi amai ko ya ɓata shimfiɗa. Mai ƙyanƙyami sai ya yi tunani tun yanzu.

A yankinmu kowane lokaci da cutarsa. Da damina zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa, da bazara sanƙarau da ƙyanda. Yaran da ke wanka a magudanan ruwan dam ɗin Bakolori kan zo da tsargiya, wato fitsarin jini. Wani lokaci kuma annoba ce: a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, a 2017 kuma sanƙarau ya yi ɓarna ƙwarai a Zamfara. A irin wannan rana, mutane na gudu, nas yana tsaye.

Ɗaci da zaƙi

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin akwai wuya. Za ka kwana a tsaye. Ranar Sallah ana cin tuwo a gida, kai kana bakin aiki. Wani ɗan'uwan majinyaci zai zage ka a kan abin da ba laifinka ba. Za ka yi iyakar ƙoƙarinka, yaro ya cika a hannunka. Ga haɗarin ɗaukar cuta idan ba a kiyaye wanke hannu da sa safar hannu ba. Albashin ma sau da yawa bai kai wahalar ba.

Amma wadda ta taɓa ganin jaririn da aka haifa shiru ya tsala kuka bayan ta taimaka masa ya yi numfashi, ta san abin da kuɗi ba ya saye. Sai dai a kula da abu biyu. Na farko haƙuri: mun sha jin koken mata cewa an daka musu tsawa a ɗakin haihuwa, har wasu sun gwammace su haihu a gida. Kada ki zama dalilin haka. Na biyu riƙon sirri: abin da ka gani a jikin majinyaci amana ce, ba labarin majalisa ba ne.

Ina hanyar?

1. Ka zaɓi ajin kimiyya tun daga aji ɗaya na babbar sakandare. Nan ne mafi yawa suke yin kuskure.
2. Ka sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis, a zama ɗaya ko biyu.
3. Ka nemi makaranta. Akwai kwalejin jinya ta jiha a Gusau, da ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Da can karatun shekara 3 ne. Yanzu kwalejoji da yawa sun koma tsarin difloma ƙarama da babba, shekara 4, ta hanyar JAMB. Digiri a jami'a kuwa shekara 5 ne.
4. Ka ci jarrabawar Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Ita ce ke ba da lasisi.

Gargaɗi: kafin a biya ko kwabo, a bincika ko hukumar ta amince da makarantar. Wanda kuma ya koyi tsira allura a kemis, ba nas ba ne, ko da unguwa duka na kiransa likita.

Kira ga iyaye

Alhaji, kai ne ka ce ba ka yarda namiji ya duba iyalinka ba. To, matar da za ta duba ta, 'yar wani ce, ya bar ta ta yi karatu. Idan kowa ya riƙe tasa, ina za a samo ta? Aure bai hana wannan karatu ba, matan aure da yawa sun yi shi da yardar mazajensu. 'Ya'ya maza ma ana bukatarsu, domin ɗakin maza yana son nasa ma'aikatan.

Tambayoyi

1. Mene ne farillar kifaya?
2. Kawo abu biyar da ake tabbatarwa kafin a ba da magani.
3. Je ka asibiti mafi kusa da ku, ka tambaya: ma'aikata mata nawa ne, kuma nawa ne 'yan gari? Ka kawo wa malaminku amsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yi wa karatunku albarka, amin.