Rular Lissafi Tsakanin Tarihi da Fim: Nazari a kan Kayan Aiki a Matsayin Alama

Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo sun san cewa kayan da ɗan wasa ya riƙe suna magana tun kafin ya buɗe baki. Wannan maƙala ta ɗauki rular lissafi, wato rula mai zamiya da injiniyoyi suka yi amfani da ita kafin zuwan kalkuleta, domin nuna yadda fim kan raba kayan aiki da ainihin aikinsa.

Asalinta da Yadda Take Aiki

John Napier ya wallafa tsarin logaridim a 1614, sannan William Oughtred na Ingila ya ƙirƙiro rular wajen 1622. Hikimar ita ce wadda ke cikin teburin logaridim da ɗaliban sakandare a Nijeriya suka daɗe suna amfani da shi: tara logaridim ɗin lambobi biyu daidai yake da ninka lambobin. An jera lambobi a jikin rular bisa tazarar logaridim. Idan aka zamar da tsakiyarta, 1 ya hau kan 2, abin da zai bayyana daura da 3 shi ne 6. Saboda haka tana ninkawa da rabawa, amma ba a tarawa ko ɗebewa da ita. Amsarta ba ta cika wuce lambobi uku tabbatattu ba.

Matsayinta a Tafiyar Sararin Samaniya

'Yan sama-jannatin Apollo sun tafi da ƙaramar rula ƙirar Pickett, har Buzz Aldrin ya ɗauki tasa a tafiyar Apollo 11 zuwa duniyar wata a 1969. Sai dai guzuri ce ta ko-ta-kwana. Lissafin hanyar kumbo yana buƙatar daidaito fiye da lambobi uku, don haka kwamfutoci ne suka ɗauki nauyinsa. Ko a 1962, da John Glenn ya nemi Katherine Johnson ta tantance lissafin kwamfuta, injin lissafi na kan tebur ta yi amfani da shi. Fitowar kalkuletar HP-35 a 1972 ta fara kawo ƙarshen zamanin rular.

Yadda Fim Ya Nuna Ta

Fim ɗin Apollo 13 (1995) na Ron Howard ya ba da labarin fashewar tankin iskar oksijin a kumbon a Afrilun 1970. A wata fitowa, Jim Lovell, wanda Tom Hanks ya fito a matsayinsa, yana lissafa kusurwoyin da kumbon ya fuskanta domin mayar da su ga kwamfutar ƙaramin kumbon da za su fake a ciki. Ya roƙi ma'aikatan Houston su duba masa, sai aka hasko rula a hannun injiniya. Alhali lissafin na tarawa ne da ɗebewa, aikin fensir da takarda. A nan rular ba lissafi take yi ba, shaida take bayarwa: ga gwanaye, ga zamaninsu, kuma ƙwaƙwalwar mutum ce za ta ceci rayuka.

Kammalawa

Darasin ya shafi nazarin finafinan Hausa kai tsaye. Carbi a hannun dattijo, ko allo jingine a zaure, ko tarin littattafai a bayan likita, duk suna sanar da mai kallo matsayin mutum ko da ba a yi aiki da su ba. Haɗarin shi ne, wanda bai taɓa ganin kayan a hannun masu shi ba zai ɗauki abin da fim ya nuna a matsayin tarihi. Ya kamata manazarci ya riƙa yin tambayoyi biyu a rarrabe: mene ne aikin wannan abu a rayuwa, kuma wane saƙo aka ɗora masa a fim?