Idan Mota Mai Tuƙa Kanta Ta Kaɗe Mutum, Wa Za A Tuhuma?

A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023, kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗurran hanya, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, wato tsaran ɗalibanmu ke nan. Tun da aka ƙera mota, idan haɗari ya auku wanda ke riƙe da sitiyari ake fara tambaya. Amma yanzu akwai motocin da kwamfuta ke tuƙawa, wasunsu ma babu kowa a kujerar direba. A wannan darasi za mu duba wani haɗari guda da ya faru a Amurka, domin mu ga yadda kimiyya ke taimakawa wajen gano inda alhaki ya rataya.

Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya

Sai mun fara da ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da direba ya hangi abu a gabansa zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, akan ƙiyasta daƙiƙa ɗaya da rabi, wanda ke nufin motar ta riga ta ci mita 25 birki bai fara aiki ba. Bayan nan, a kan busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, za ta ƙara cin kimanin mita 20 kafin ta tsaya cak. Idan aka ninka gudun ya zama kilomita 120, nisan birkin ninki huɗu zai yi, ya kai wajen mita 80, domin ƙarfin da ke tattare da abu mai tafiya yana ƙaruwa ne daidai da gudu sau gudu. Yana da kyau malamai su sa ɗalibai su auna waɗannan mitoci da ƙafa a filin makaranta, don adadin da aka taka ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

A nan ne masu ƙera mota mai tuƙa kanta suke kafa hujjarsu. Kwamfuta ba ta gyangyaɗi, ba ta maye, ba ta fushi da wanda ya sha gabanta, kuma tana iya rage wancan jinkiri na daƙiƙa ɗaya da rabi ƙwarai. Tana gani ne da kyamarori, da rada mai aika igiyar rediyo ta dawo, da kuma lida, wadda ke harba hasken leza tana auna lokacin dawowarsa don sanin nisan abu. Sai dai gani daban, ganewa daban.

Daren 18 ga Maris, 2018

Da misalin ƙarfe goma na dare, a garin Tempe na jihar Arizona, wata mota ƙirar Volvo da kamfanin Uber ke gwada tuƙin kwamfuta da ita ta kaɗe wata mata mai shekara 49 da ke tsallaka titi tana tura keke, a wurin da ba a keɓe don tsallakawa ba. Matar ta rasu, kuma ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da aka san irin wannan mota ta kashe. A kujerar direba akwai ma'aikaciyar kamfanin, wadda aikinta shi ne ta zuba ido ta karɓi tuƙi idan kwamfuta ta kasa.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta kammala bincikenta a watan Nuwamba na 2019, kuma abin da ta gano ya cancanci a bi shi daki-daki. Na'urorin motar sun hangi matar daƙiƙa 5.6 kafin karo, lokacin da motar ke gudun kusan kilomita 70 a awa. Mai karatu zai iya lissafawa da kansa: tazarar ta haura mita 100, alhali birki kaɗai a wannan gudu bai buƙatar fiye da mita 30. Ashe lokaci bai ƙure ba. Abin da ya faru shi ne kwamfutar ta kasa tantance abin da take gani. Da farko ta ɗauke ta mota ce, can ta ce wani abu ne da ba ta sani ba, can kuma ta ce keke ne, kuma duk lokacin da ta sauya shawara sai ta watsar da bayanin inda abin ya fito, ta fara hasashe daga farko. Saboda haka ba ta taɓa gane cewa abin yana ratso titin ne zuwa gabanta ba. Bugu da ƙari, ba a tsara ta da tunanin mutum zai iya tsallakawa a inda babu zanen tsallakawa ba, abin da duk yaron mota ya san mutane suna yi kullum.

Sai da ya rage daƙiƙa 1.2 sannan kwamfutar ta tabbatar karo na tafe. A nan ma ba ta taka birki ba, domin injiniyoyin kamfanin sun sa ta riƙa jinkirta daƙiƙa ɗaya a irin wannan hali, gudun kada motar ta riƙa cin birki ba gaira ba dalili. Haka kuma sun kashe birkin gaggawa na asali da Volvo ta sa wa motar. Duk dogaron ya koma kan ma'aikaciyar, ita kuwa idonta na ƙasa. Binciken ya nuna ta shafe kusan sulusin tafiyar ba ta kallon hanya, kuma hukumar ta ce hankalinta ya tafi ga wayarta.

Gwajin agogo

Cikin sauƙi mutum zai ce laifinta ne, a rufe magana. Amma akwai wani tsohon bincike da ya kamata a sani. A shekarar 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam a Birtaniya, Norman Mackworth, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi saboda matsalar masu gadin rada a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda sukan kasa ganin alamar jirgin abokan gaba bayan sun daɗe a zaune. Ya zaunar da mutane awa biyu gaban wani agogo mai hannu ɗaya da ke matsawa kaɗan-kaɗan, jefi-jefi kuma ya yi tsalle ninki biyu, ya ce su danna maɓalli duk lokacin da suka ga babban tsallen. Bayan rabin awa na farko kawai, sai kuskurensu ya ƙaru a fili. Waɗannan mutane ba malalata ba ne, haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take idan aka ce ta yi ta jiran abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Wannan ya sa matakin tsakiya ya fi kowane haɗari. Injiniyoyi sun kasa tuƙin kwamfuta mataki shida, daga 0, inda mutum ke yin komai, zuwa 5, inda mota za ta je ko'ina ita kaɗai. A mataki na 2 mota na riƙe sitiyari da totur amma direba ne ke da alhakin kallon hanya. A mataki na 4 mota na yin komai a cikin yankin da aka iyakance mata, kamar motocin haya na Waymo da suka fara ɗaukar jama'a babu direba a birnin Phoenix a 2020. Iya gwanintar mota a matakin tsakiya, iya sakankancewar mutumin da ke ciki. Kamfanin Google ya ga haka tun 2013, lokacin da ya tarar ma'aikatan da ya ba motocin gwaji suna latsa waya, har wani ya yi barci mota na gudu a babban titi, sai ya dakatar da wannan tsari. Shi kuwa Uber, watanni kafin haɗarin ya rage masu sa ido a kowace mota daga biyu zuwa ɗaya. Shi ya sa hukumar binciken, bayan ta ɗora musabbabin haɗarin kan shagalar ma'aikaciyar, ta kuma zargi kamfanin da rashin auna haɗari yadda ya kamata, da rashin kula da ma'aikatansa, da rashin tanadi game da wannan sakankancewa.

Abin da shari'a ta yi

Shari'a ta raba alhaki gida biyu: akwai laifi da hukuma ke hukuntawa da ɗauri ko tara, akwai kuma diyya da ake biyan wanda aka cuta. Ta fuskar diyya, kamfanin ya sasanta da iyalan mamaciyar cikin 'yan makonni. Ta fuskar laifi, a watan Maris na 2019 mai gabatar da ƙara ta ce babu hujjar tuhumar Uber. A 2020 aka gurfanar da ma'aikaciyar bisa zargin kisa ta hanyar sakaci, a watan Yuli na 2023 ta amsa laifi mafi sauƙi na jefa rai cikin haɗari, aka yanke mata shekara uku ƙarƙashin sa ido ba tare da ɗauri ba. A ganinmu ta yi sakaci, ba shakka, amma da wuya a kira shi cikakken adalci a ce mai ƙaramin matsayi ita kaɗai ta tsaya gaban alƙali, alhali waɗanda suka kashe birkin gaggawa suka kuma tsara jinkirin daƙiƙa ɗaya suna ofis. Dokar da ake da ita an rubuta ta ne don direba, sai ta nemi wanda ya fi kama da direba ta kama.

Hausawa kan ce karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma Birtaniya ta bi wannan hanya. Dokarta ta 2018 ta tanadi cewa idan mota tana tuƙa kanta ta yi haɗari, kamfanin inshora ne zai fara biyan wanda ya ji ciwo, har da na cikin motar, daga baya ya bi wanda ya ƙera ta idan aibin daga gare shi ne. Ta haka wanda aka kaɗe ba zai shekara yana shari'a da babban kamfani kan abin da ke cikin kwamfuta ba. Dokar 2024 ta ƙara da cewa muddin motar da aka ba izini tana tuƙa kanta, ba za a tuhumi na kujerar direba da laifin yadda aka yi tuƙin ba, kamfanin da ya nemi izinin ne zai amsa tambaya gaban hukuma. Abin da ya rage a wuyan mutumin shi ne inshora, da lafiyar mota, da karɓar sitiyari cikin lokacin da aka ƙayyade idan motar ta nemi ya karɓa.