Darasin Turanci: Kalmar "Pay" a Kantin Kwari

Kantin Kwari da ke Fagge a birnin Kano babbar kasuwar tufafi ce. A nan ake sarin atamfa da shadda da leshi da yadi. Masu saye suna zuwa daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina, har daga Nijar da Chadi da Kamaru. Yawancin ciniki da Hausa ake yin sa. Amma da an zo rubuta rasit, sai Turanci ya shigo. Haka yake a kasuwar Sabon Gari, inda mai saye kan haɗu da mai kantin da Hausarsa ba ta nuna ba. Saboda haka darasin wannan wata yana kan kalma ɗaya, watau "pay". Ma'anarta biya.

Harafin farko na kalmar shi ne p. Babu shi a cikin baƙaƙen Hausa. Kamarsa ɗaya da b, sai dai sandarsa ƙasa ta sauka. Wajen faɗinsa ana rufe leɓe kamar za a ce b, sa'an nan a saki iska. Hausawa da yawa sukan ce "fe", kuma a kasuwa ana gane su.

Abin lura na farko shi ne lokaci. In an riga an ba da kuɗi, kalmar tana komawa "paid". In kuwa nan gaba za a bayar, sai a sa "will" kafin "pay".

I paid. Na biya.
I have paid. Na riga na biya.
I will pay. Zan biya.
I did not pay. Ban biya ba.
I have not paid. Ban biya ba tukuna.

A jimla ta huɗu kalmar ta koma "pay", domin "did" ta riga ta nuna abin ya wuce.

Wanda ya sari kaya ya dubi rasit ɗinsa tun bai bar kantin ba. In ya biya duka, ya nemi kalmar PAID, ko da hannu aka rubuta ko hatimi aka buga. In ya ga "balance", wannan cikon kuɗin da ake bin sa ne. Alal misali, kaya na Naira 90,000 ne, ya ba da 60,000. Rasit zai nuna "paid 60,000" da "balance 30,000". In lissafin bai yi daidai ba, a gyara nan take, kafin ɗan dako ya ɗauki kaya zuwa tasha.

Abu na biyu ya fi na farko muhimmanci. Akwai wata 'yar ƙaramar kalma mai harafi 3 da ke bin "pay", watau "for". Ga jimla biyu:

I paid Musa. Na biya Musa.
I paid for Musa. Na biya wa Musa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Aikin da "wa" take yi a Hausa shi "for" take yi a nan. A jimla ta farko kuɗi sun shiga hannun Musa. A ta biyu kuwa Musa bai taɓa ko kwabo ba, nauyinsa aka ɗauka.

Ga inda abin yake da haɗari. Gab da salla, mutanen ƙauye sukan ba mutum ɗaya sautu ya tafi Kwari. A ce kuɗin Musa ba su cika ba, ɗan sautu ya biya masa daga aljihunsa, da nufin in an koma gida Musa ya mayar masa. Takardar da za a rubuta dole ta ce "I paid for Musa". In aka manta da "for", takardar ta zama shaidar cewa Musa ne ake bin ɗan sautu bashi har ya biya shi. Magana ta juye ke nan. Ranar da aka je gaban dagaci ko alƙali, abin da ke rubuce za a karanta. Don haka kada mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Haka kuma ana sa "for" kafin sunan kayan da aka saya. "I paid for the cloth", watau na biya kuɗin tufa. Wanda ya ce "I paid the cloth", mai jin Turanci zai yi murmushi, domin ya zama kamar tufar ce ta miƙo hannu ta karɓi kuɗi. Amma haya da haraji, tun da su kansu kuɗi ne, ba sa bukatar "for". Sai a ce "I paid the rent", na biya haya. "I paid the tax", na biya haraji.

In za a haɗa duka a jimla ɗaya, mutum ne a farko, sai yawan kuɗi, sai kaya a ƙarshe. "I paid Musa 5,000 Naira for the cloth." Na biya Musa Naira 5,000 kuɗin tufa.

Mai cin bashi yana da tasa jimlar. "I will pay you back on Friday." Zan mayar maka da kuɗinka ranar Juma'a. Mai bin bashi kuma ya ce "Please pay me", don Allah ka biya ni. Ba a so a bar "please", domin "pay me" kaɗai kamar tsawa ce.

A farkon shekarar 2023 an yi ƙarancin takardun Naira bayan canjin kuɗi, mutane da yawa suka koyi biya ta waya. Mai son tambaya sai ya ce "Can I pay by transfer?", watau ko zan iya biya ta taransifa? In kuɗi a hannu zai bayar, ya ce "I will pay cash". Mai sayarwa kuwa, ko an ce masa "I have paid", ya dakata da kayansa sai ya ga saƙon banki a tasa wayar.

Aikin gida

Ɗalibi ya rubuta waɗannan da Turanci a littafinsa, ya kai wa malamin ajinsu ya duba: Na biya direba. Na biya wa ƙanena. Zan biya kuɗin tufa gobe. Ban biya haya ba tukuna. Kalmomin taimako su ne "the driver" direba, "my brother" ƙanena, "tomorrow" gobe. Amsoshi za su fito a jaridar wata mai zuwa.