Darasin Mako: Yadda Ɗan Tayi Ke Samun Sura A Cikin Mahaifa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, Suratul Muminun, daga aya ta 12 zuwa ta 14, ta jera mana matakan halittar ɗan Adam a cikin mahaifa. Allah ne Mai surantawa, amma Ya sanya wa aikin sabubba. Yau za mu duba biyu daga cikinsu.

Na farko shi ne saƙon sinadari, wanda ƙwayoyin halitta ke aika wa maƙwabtansu domin kowace ta san abin da za ta zama. A shekarar 1924, a Jamus, Hans Spemann da Hilde Mangold suka ɗebi ɗan yanki daga tayin wata dabbar ruwa dangin kwaɗo, suka dasa shi a jikin wani tayin. Sai ga gadon baya na biyu ya tsiro a wurin.

Na biyu kuwa ƙarfi ne, watau turi da ja. Abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yakan fara ne a shimfiɗe. Sa'an nan ƙwayoyinsa su tsuke ta gefe guda, shimfiɗar ta naɗe kamar tabarma, bakinta ya haɗe wajen kwana 28 da shigar ciki. In bai haɗe ba, sai a haifi jariri da ɓaraka a baya.

To, a lura: a lokacin nan sau da yawa mace ba ta ma san tana da ciki ba. Binciken da aka bayyana a Ingila a 1991 ya tabbatar cewa sinadarin folik yana rage wannan lahani ƙwarai. Ana samun irinsa a wake da gyaɗa da alayyafo, ana kuma ba da ƙwayarsa a asibiti.

Saboda haka, ya magidantan Pauwa da sauran ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ciyar da iyali wajibi ne. Kada a kwashe waken gona duka a kai kasuwa, a bar uwargida da tuwo zalla. A nemi shawarar ma'aikatan lafiya tun kafin ciki ya shiga. Wanda kuma aka jarrabe shi da irin wannan haihuwa, kada ya zargi uwa ko ya ce maita ce. Ya gaggauta kai jaririn asibiti.

Allah Ya ba mu zuriya ɗayyiba, amin.