Yadda ake bin guguwar dusar ƙanƙara a mashigar Donner

Masu bin guguwar dusar ƙanƙara a tsaunukan Siyera Nebada na Kalifoniya ba sa jira sai ta sauko. Tun ana sauran kwana biyu suke zuba wa hasashen yanayi ido, su ga inda iskar da ta kwaso danshi daga tekun Fasifik za ta daki dutse. Sai a cika tanki, a loda bargo da shebur da guzuri, a haura mashigar Donner kafin hukuma ta rufe babbar hanya mai lamba 80. Tsayin wurin ya haura mita 2,100, kuma a gindinsa dusar ta tsare wani ayarin matafiya da ake kira ayarin Donner a 1846, kusan rabinsu suka mutu. Galibi masu ɗaukar hoto ne ke wannan sammako, da masu wasan zamiya da ke son riskar dusar tun ba a taka ta ba.

Wajen ɗaura wa taya sarƙar da ke hana ta zamewa a kan dusa ake gane gwani. A shimfiɗa ta a ƙasa, a warware duk inda ta murɗe, bakin ƙugiyoyin ya juya wa roba baya, in ba haka ba su ci tayar. A yafa ta a kan tayoyin da ke jan motar. Ƙugiyar ciki ake fara maƙalawa, kuma ita ce mai wuya: mutum na durƙushe, hannunsa a bayan taya yana lalube, yatsu sun sandare. Sannan ta waje. A ja motar 'yan mitoci, a sauko a ƙara ɗaurewa. Sabon shiga nan yake ganin ya gama, ya ƙi saukowa, sarƙar ta saki tana dukan jikin mota, har takan tsinke bututun birki. Ina jin daɗin kallon tsofaffin hannu a nan, ba gaggawa, ba a maimaitawa.

Daga nan tafiya ce ta lallaɓawa, kilomita 40 a awa ta isa. A gangara ƙaramar giya ke riƙe mota, birki sai a taɓa shi a hankali. Idan iska ta taso gaba ya rufe kamar hazon hunturu a Agadez, dogayen sandunan da aka kafa a gefen hanya ake bi. In kuwa an maƙale, a zauna cikin mota, amma kafin a kunna inji don ɗumi a fita da shebur a tone bakin salansa, domin hayaƙin da ya rasa mafita ciki yake dawowa, kuma yana kisa.