Fararen Ƙwayoyin Jini Masu Tsaron Jiki Daga Cuta

Kowa ya san kaluluwa. In mutum ya ji ciwo a ƙafa har miki ya yi ruwa, bayan kwana biyu sai ya ji wani ɗan ƙullutu mai zafi ya taso masa a matsematsi, in kuwa ciwon a hannu ne, sai ya taso a hammata. Mutane da yawa sukan ɗauka wata cuta ce dabam ta fito. Ba haka ba ne. Wannan ƙullutu yana nan tun ran da aka haifi mutum, kumburinsa kuwa alama ce ta cewa waɗansu fararen ƙwayoyin jini sun taru a ciki, suna hayayyafa don su yaƙi cutar da ta shiga ta mikin. Likitoci suna kiran irin waɗannan ƙwayoyi limfosait.

Asalinsu duka daga ɓargo ne. Waɗansu a can suke ƙare girma, su ne ƙwayoyin B, masu zuba wa jini sinadarin da yake kama ƙwayar cuta ya ɗaure ta. Waɗansu kuwa sai sun bi jini zuwa wani ɗan nama da yake bayan ƙashin ƙirji, bisa zuciya, mai suna taimos. Daga harafin farko na wannan suna aka sa musu ƙwayoyin T. An daɗe ba a san amfanin taimos ba, sai a 1961 wani masani, Jacques Miller, yana aiki a Landan, ya cire shi daga jikin jariran ɓeraye, ya ga sun tashi ba sa iya jure cuta. Taimos makaranta ce mai tsanani. Ƙwayar da ta kasa gane alamar jikin mai ita sai ta mutu, wadda kuma ta nuna za ta far wa jikin da kansa ita ma a kashe ta. Fiye da tara cikin goma ba sa fita da rai. Naman yana da girma a jikin yaro, bayan balaga sai ya dinga ƙanƙancewa.

Cikin waɗanda suka fita akwai masu kisa, waɗanda ake gane su da wata alama a bayansu da ake kira CD8. Bukatarsu ita ce, bairos, kamar na ƙyanda ko na mura, ba ya zama a fili cikin jini, yakan shige cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ya ɓuya, inda sinadarin ƙwayoyin B ba ya kai gare shi. To, amma kusan kowace ƙwayar halitta takan fito da ɗan guntun abin da ake ƙerawa a cikinta ta aza a bayanta, kamar yadda mai kanti yake baje samfurin kayansa a bakin ƙofa. Mai kisa yana wucewa yana dubawa. Da ya ga guntun bairos, sai ya manne wa wannan ƙwaya, ya huda ta, ya zuba mata abin da zai sa ta mutu tare da baƙon da ta ɓoye, ya bar maƙwabtanta lafiya.

Sa'an nan akwai mataimaka, masu alamar CD4. Sunan ya rage musu daraja, gama a haƙiƙa su ne masu ba da umurni. Ba duka aiki ɗaya suke yi ba, kamar yadda Tim Mosmann da Robert Coffman suka nuna a 1986. Waɗansu sukan ƙarfafa manyan ƙwayoyin jini masu haɗiye cuta, har su iya kewaye ƙwayar tarin fuka su tsare ta wuri ɗaya cikin huhu. Waɗansu nasu aikin tsutsar ciki ne. Waɗansu kuma cikin kaluluwa suke zaune, suna taya ƙwayoyin B gyara sinadarinsu.

Cutar ƙanjamau ita ta fi nuna wa duniya muhimmancin mataimakan nan, domin su take shiga ta hallaka. A jikin baligi mai lafiya akan sami tsakanin 500 da 1,500 cikin ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. In suka sauka ƙasa da 200, sai cututtukan da da can jiki yake danne su su taso, tarin fuka a kan gaba. Wanda ya yi gwaji da wuri, ya riƙe shan maganinsa kullum, yawansu yakan komo ya hau.

Akwai kuma 'yan kaɗan masu tsawatarwa, waɗanda suke hana sauran wuce iyaka su cuci jikin da suke tsaro. Shimon Sakaguchi na ƙasar Japan ya bayyana su a 1995, aka kuwa ba shi kyautar Nobel tare da waɗansu masana biyu a 2025.

Duk da wannan, ƙwayoyin T suna da nawa. Kowace ɗaya iri guda kawai ta sani na abokin gaba, kuma waɗanda suka dace da sabuwar cuta ba su da yawa, sai sun yi wajen mako guda suna hayayyafa kafin su isa yaƙi. Cikin kwanakin nan waɗansu limfosait ne suke riƙe da gari, waɗanda ba sa bukatar sanin cutar tukuna. Mafi shahara su ne waɗanda ake kira NK, watau masu kisa tun asali, da aka gano a 1975 a ƙasar Suwidin da Amurka. Dabararsu abin mamaki ce. Waɗansu bairos, da ciwon daji, sukan sa ƙwayar halitta ta kwashe samfurin nan daga bakin ƙofa don kada mai kisa ya gani. To, rashin samfurin shi ne yake tona ta wurin NK, ya kashe ta. Wajen 2010 kuma aka bayyana 'yan'uwansu da suke zaune dindindin a bangon hanji da huhu da fata. In tsutsa ta shiga hanji, su ne suke fara sa shi ya ƙara majina da motsi don ya fitar da ita.

Sai dai aikin tuna cuta shekara da shekaru na ƙwayoyin T da B ne. Bayan an warke, waɗansunsu sukan saura cikin jiki, in cutar ta komo su tashi cikin 'yan kwanaki. Allurar rigakafi hanya ce ta koya musu abokin gaba ba tare da yaro ya kwanta ba. Iyayen da suke cewa gara yaro ya yi ƙyanda ya huta, ya kamata su san bairos ɗinta yana shiga cikin masu tunawar nan ya kashe su, har yaro ya rasa kariyar da ya riga ya samu daga waɗansu cututtuka. Shi ya sa yaron da ya tashi daga ƙyanda yakan yi ta fama da gudawa da ciwon huhu. A Nijeriya ana yi wa jariri allurar tarin fuka da haihuwarsa, ta ƙyanda kuwa yana wata tara, a maimaita yana wata goma sha biyar.

Kaluluwar miki takan sace in mikin ya warke. Wadda ta wuce mako biyu ko uku ba ta sauka ba, ko ta yi tauri ba zafi, ko ta zo da rama da gumin dare, kada a tsaga ta a gida, a kai mai ita asibiti a duba.